Gyoza da Hannun da Ya Naɗa Ta

Bahaushe ba ya shan wahala wurin furta "gyoza". Harshen da ya saba da gyaɗa da gyale da gyara ba zai yi tuntuɓe a kanta ba, har mai jin ta karon farko yana iya ɗauka Gwoza ake nufi. Abin da ake kira da wannan suna ɗan ƙaramin ƙunshi ne. Fatar fulawa ce mai faɗin tafin hannun yaro, a ɗora mata niƙaƙƙen nama da kabeji da tafarnuwa da citta, a ninke ta biyu, a tattare bakinta, sannan a jera a kasko a toya gindin ya yi ja, a zuba ruwa a rufe, tururi ya dafa saman. A Japan babu mai yi mata kallon baƙuwa. Ana cin ta a shagunan taliyar ramen, ana sayen ta a daskare a kanti, iyaye da 'ya'ya kan zauna su naɗa ta a gida ranar hutu. Sai dai in aka bi sawun sunan, za a tarar shi ba ɗan gida ba ne a Japananci, kuma ba haka mutanen Beijing ke faɗar sa ba. Kalma ce da ta faɗo tsakanin harsuna biyu, kuma yadda ta faɗo ɗin ya ƙunshi tarihin da ba kowane mai ci ke son tunawa ba.

A rubuce, Sinawa da Japanawa alamomi biyu kusan iri ɗaya suke amfani da su, Sinawa kuma su karanta su jiaozi. A rubuce-rubucen zamanin daular Song da alamar ƙaho ake rubuta sunan, saboda ƙarshen ƙunshin biyu a tsine suke. Daga baya aka ba shi alamarsa ta kansa, rabinta na nufin abinci, ɗaya rabin na ɗauke da sautin, shi kuma wannan rabin ma'anarsa haɗuwa ko gittawa. Sinawa mutane ne masu son wasa da sauti, ba su bar wannan ta wuce su ba. A tsohon lissafinsu na lokaci, abin da ke tsakanin ƙarfe 11 na dare da ƙarfe 1 sunansa zi, don haka jiao zi na iya nufin gittawar shekara a tsakar dare. Shi ya sa a arewacin Sin iyali ke taruwa daren sabuwar shekara su naɗa, su ci a daidai lokacin da tsohuwa ke miƙa wa sabuwa. Siffarta kuma ta ɗauko ta curin azurfa da zinariya da ake ciniki da shi a da, sai cin ta ya zama fatan arziki. Abincin ya daɗe a duniya: a maƙabartar Astana kusa da Turfan, a yankin Xinjiang, masu tonon kayan tarihi sun sami busassun jiaozi na zamanin daular Tang, shekara fiye da 1,000 ke nan, da siffarsu irin wadda ake naɗawa yau.

Japanawa sun ari rubutun Sin tun kimanin shekara 1,500 da suka wuce, kuma suna da ƙa'idar karanta kowace alama. Da an bi ƙa'idar, da sunan ya fito da wani abu kamar koshi. Wasu littattafan girki na kafin yaƙin duniya na biyu da suka so kwaikwayon lafazin Beijing kuwa chaotsu suka rubuta. Duka biyun babu wanda ya zauna a bakin jama'a. Wanda ya zauna shi ne gyoza, wanda kunne ya ɗauko a kasuwa. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne lafazin mutanen lardin Shandong ne, masu fara kalmar da sautin "gy", waɗanda miliyoyinsu suka yi ƙaura zuwa Manchuriya, arewa maso gabashin Sin, tun ƙarni na 19.

To me ya kai kunnen Bajapane Manchuriya? Mamaya. A 1931 sojojin Japan suka kama yankin, a 1932 aka kafa ƙasar je-ka-na-yi-ka mai suna Manchukuo, aka ɗora Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a kanta. Sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da manoma suka yi ta kwarara, da yawa a kan gonakin da aka raba masu su da su. A can suka ci jiaozi, suka ji sunanta daga bakin talakawan da suke mulka. Da Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, sama da mutum miliyan 6, soja da farar hula, suka koma gida daga ƙasashen waje. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ta tashar jiragen ruwa ta Huludao kaɗai suka fito daga Manchuriya tsakanin 1946 da 1948. Ana kiran su hikiagesha, wato waɗanda aka kwaso. Sun tarar birane sun zama toka, shinkafa ta yi wuya, fulawar alkamar Amurka ce ke shigowa. Wanda ya dawo hannu rabbana, in ya iya naɗa jiaozi, ya sami sana'a, domin kasko ɗaya da murhu da rumfa a bakin tashar jirgi sun ishe shi jari.

Aron kalma iri biyu ne. Akwai wanda malamai ke yi da alƙalami, su kiyaye harafi da asali, akwai kuma wanda mabuƙaci ke yi da kunne, ya ɗauki abin da ya ji ya lanƙwasa shi yadda bakinsa zai iya. Mu ma ta wannan hanya ta biyu muka sami tasha da asibiti. Kalmar da ta zo ta kunne ba ta cika yi wa ƙa'ida biyayya ba, amma ta fi riƙe shaidar inda aka haɗu da kuma su wa suka haɗu. Duk Bajapanen da ya ce gyoza yau, ko ya sani ko bai sani ba, da karin harshen manomin Shandong yake magana, kuma yana ambatar daular da ƙasarsa ta gina ta rushe cikin shekara 13.

Sunan ya tsallaka teku kusan yadda yake, amma abin da yake nuni gare shi ya sauya kamanni. A arewacin Sin dafa jiaozi ake yi a ruwa, fatarta da kauri, kuma ita ce cimar kanta. Mutum ya cika faranti ya ci ya ƙoshi, ba ya neman wani abu. Ana yawan cewa ragowar jiya ce ake soyawa da safe don kada a zubar. A Japan kuwa soyayyar ce ta zama uwa. Fatar ta yi siriri, tafarnuwar da Basine ke gutsura a gefe ta koma cikin ƙunshin, gyoza kuma ta sauka daga matsayin cima ta koma mahaɗi, abin da Japanawa ke kira okazu, wato abin da ke raka shinkafa. Baƙon da ya zo daga Beijing ya ga an ajiye masa gyoza da kwanon shinkafa da romo a tire ɗaya yakan yi mamaki, don a wurinsa an haɗa masa cima da cima ne. Kalma ɗaya, rubutu ɗaya, amma a wannan gaɓar teku ita ce babbar baƙuwa, a waccan kuwa 'yar rakiya.

Wannan sauyin kamanni ya kawo mu ga gyozar kaza. A Japan in aka ce gyoza ba a ƙara komai ba, galibi naman alade ne a ciki, Musulmin da ya je can kuwa dole ya tambaya kafin ya kai baki. Saboda haka akan sami mai cewa wadda aka yi da kaza ba ta gaskiya ba ce, kwaikwayo ce. Amma a duba sunayen duka. Ɗaya ya ambaci ƙaho, ɗaya gittawar dare, ɗaya kuma, da za mu zo kansa a gaba, yadda ake toyawa. Babu wanda ya ambaci dabba. Musulmin Sin na ƙabilar Hui sun daɗe suna naɗa jiaozi da naman rago da na sa, wasu Sinawan da ƙwai da ganye kawai suke yi, kamfanonin Japan kansu gyozar kaza suke sayarwa a kantunan Turai. Abincin da ya riga ya sauya ruwa da kasko, ya sauya kauri da siriri, ya sauya matsayinsa a tire, ba kaza ce za ta raba shi da sunansa ba. Abin da ke riƙe da sunan aiki ne: a ƙunsa, a tattare baki, a toya, a turara.

Sai dai kaza na da haƙƙinta. Ba ta da kitse sosai, ƙirjinta kuwa in aka niƙa aka dafa sai ya bushe ya yi gari a baki. Cinya ake nema, a niƙa ta da ɗan fatarta. Giram 300 na nama ya ishi ƙunshi 30. A fara zuba masa gishiri shi kaɗai, a murza da hannu ta gefe ɗaya har ya yi danƙo ya fara kama kwano, domin gishirin ne ke fito da sinadarin da ke ɗaure nama ya riƙe ruwansa. Bayan nan a sa gurzajjiyar citta da tafarnuwa, da cokali ɗaya na shoyu, baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da cokali ɗaya na man riɗi wanda zai tsaya a madadin kitsen da babu. Littattafan Japan kan ce a zuba ɗan sake, giyar shinkafa, don kashe ƙarni. Citta na yin wannan aikin, ba sai an nemi giya ba. Kabeji kimanin nauyin naman, a yanka shi ƙanana ƙwarai, a barbaɗa gishiri a bar shi minti 10, sannan a dunƙula a matse. Ruwan da zai fito yakan ba mutum mamaki, kuma duk wanda ya ƙi matsewa zai ga ruwan nan ya jiƙa fatar ta yage a kasko. Japanawa na sa wani ganye mai suna nira, mai faɗi da ƙamshin tafarnuwa. Inda babu shi lawashin albasa ya wadatar. Wannan haɗi sukan kira shi an, wasu kuma su ce tane, ma'ana iri, kamar wanda ake binnewa a ƙasa.

Fatar kuma kawa ce, kalmar da suke kiran fatar dabba da ɓawon lemo da ita. Yawancin gidaje a Japan saye suke yi a kanti, an riga an yanka an jera a leda. Mai son yi da kansa ya sami fulawa giram 200, gishiri kaɗan, da ruwan zafi mililita 100. Zafin ruwan na da dalili: yana sa kwaɓin ya yi laushi ya bar ja da baya in ana murzawa, abin da ake so ke nan ga wadda za a toya. A cuɗa har ya yi sumul, a rufe shi ya huta minti 30, a mulmula shi dogo a gutsuttsura 30, kowane gutsure a danne a murza shi ya kai faɗin santimita 8 ko 9. Gwanaye da hannu ɗaya suke juya fatar, ɗaya hannun na tura muciyar murzawa daga baki zuwa ciki, don tsakiya ta fi gefe kauri. Tsakiyar ce za ta zauna a kan wuta, gefen kuma ninkuwa zai yi, in ya yi kauri bakin ya zama ƙullutu.

Aikin da ke biye sunansa tsutsumu, ƙunsawa, kuma kalma ce mai nauyi a Japan. Da ita ake faɗin naɗe kyauta a ƙyallen furoshiki, da ita ake faɗin sa kuɗin biki ko na ta'aziyya a ambulan, domin miƙa wa mutum kuɗi tsirara a irin wannan wuri rashin ladabi ne. Tsofaffin masana rubutun Sin sun ce alamar wannan kalma hoton ɗan tayi ne a cikin mahaifa. Ƙunsawa ke nan girmamawa ce ga abin da ke ciki da kuma wanda za a miƙa wa. Mai naɗa gyoza zai ɗora fata a tafin hagu, ya ɗebo haɗi bai fi cikin ƙaramin cokali da ɗan tozo ba, ya shafa shi a tsakiya ya bar gefe fes. Ya tsoma yatsa a ruwa ya zagaya rabin bakin. Sannan ya ninko, babban yatsa da manuni su riƙa tsinkar fatar gaba suna kwantar da ita a kan ta baya, sau huɗu ko biyar, ana danne kowace. Wannan tattara ita ce hida, sunan da tela ma ke kiran tattarar siket da shi. Gefe ɗaya kaɗai ake tattarewa, ɗaya gefen a bar shi a miƙe. Da yake wanda aka tattare ya gajarce, sai ƙunshin ya lanƙwasa da kansa kamar jinjirin wata, ya sami gindi shimfiɗaɗɗe da zai zauna a kai. Abin da ido ke ɗauka ado ne, ashe shi ke sa ta zama daram a kasko. Babban abin da ke ɓata aikin sabon hannu zari ne: ya cika ciki, baki ya ƙi rufuwa, maiƙo ya taɓa gefen, ruwan naman da aka sha wahalar tsarewa ya tsiyaye.

Cikakken sunanta yaki-gyoza. Wanda ya ji an ce soyawa ya tsunduma ta cikin mai ya yi wani abincin daban, wanda suke kira age-gyoza. Yaki tuya ce da ɗan mai a kan ƙarfe mai zafi, nan kuma ana haɗa ta da turarawa, su ce mushi-yaki. A sa mai cokali ɗaya a kasko mai faɗin gindi, a jera su, a bar su minti 2 har ƙasan ya fara ja. Sai a zuba ruwan zafi ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu, a kife murfi nan take don kaskon zai yi tsartuwa. Minti 5 zuwa 6 tururi na aikinsa, fatar na sauyawa daga fari zuwa garai-garai har ana hango koren lawashi ta cikinta. Daga nan kunne ne jagora. Muddin ana jin tafasa akwai sauran ruwa. In sautin ya koma tas-tas to mai ne ya rage, sai a buɗe, a zagaya da ɗan man riɗi, a ƙara minti 1 ko 2. Kaza ba a yi mata sassauci: hukumomin lafiya na Japan sun ce cikinta ya kai digiri 75 na tsawon minti 1, don haka a tsaga ɗaya a duba, kada a ga ja. Abin tsomawa kuwa shoyu ne da ruwan khal da ɗigon rayu, man da aka jiƙa barkono a ciki.

Abin da ake nema a ƙarshen duk wannan, in za a faɗe shi da Hausa, ƙanzo ne. A tukunyarmu ƙanzo ba da niyya ake yin sa ba, wuta ce ke bar mana shi a gindi, yara su kankare su ci. Sinawa kuwa sun ba soyayyar jiaozi suna daga gare shi, guotie, ma'ana mai manne wa tukunya. Japanawa suka ƙara gaba, suka mai da shi fuskar abincin, domin gyoza a kife ake kawo ta: a ɗora faranti a kan kasko a juya, jan gindin ya koma sama. Suna da kalmomin amo na yabonta, pari-pari ga ɓangaren da ke ƙaras a haƙori, mochi-mochi ga ɓangaren da tururi ya bar shi da taushi da ɗan danƙo. Wasu ma kan dama ƙaramin cokalin fulawa a ruwan turarawar, in ya ƙafe ya bar wani siririn mayafi mai ƙaras da ya haɗe su duka, su kira shi hane, fiffike. Wanda ake danganta wa wannan dabara shi ne Yagi Isao, Bajapanen da aka haifa a Lushun, ya rage a Sin bayan yaƙi, bai koma Japan ba sai 1979, ya buɗe shago mai suna Nihao a unguwar Kamata ta Tokyo a 1983. Ko fiffiken ma ta hannun wanda yaƙi ya bari a baya ya zo.

Duk wanda ya bi wannan aiki daga fulawa zuwa faranti ya san na kusan sa'a biyu ne, cin kuwa na minti goma. A nan ne wata kalma ta tayar da ƙura a Japan. Kamfanin Ajinomoto, wanda matanmu suka sani ta farin magi, tun 1972 yake sayar da daskararriyar gyoza. A watan Agusta na 2020 wata mata ta rubuta a Twitter cewa ta gaji, ta toya wa iyalinta irin wannan, ɗanta ya yi murna, mijin kuwa ya ce ai wannan tenuki ne. Te hannu ne, nuki zarewa, tenuki ke nan zare hannu daga inda ya kamata a sa shi, wato ha'inci a aiki. Shafin kamfanin ya amsa cewa wannan ba tenuki ba ne, temanuki ne. Gaɓa ɗaya aka cusa a tsakiya, ma, wadda ke nufin tazara ko lokaci. Tema ita ce lokacin da hannu ke ci a kan aiki, ɗawainiya ke nan, temanuki kuma rage ɗawainiya. Hujjarsu ita ce yankan kabeji da murza nama da naɗi duk an yi su, wasu hannuwa ne suka yi a masana'anta a madadin uwar gida. Bayan wata biyu suka fitar da bidiyo na matakai 144 da gyozarsu ke bi kafin ta shiga leda.

Kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa, kuma kamfanin ya ci riba da wannan magana. Duk da haka bambancin da ya nuna gaskiya ne, kuma Hausa ta san shi. Mu ma da hannu muke auna girki. Mukan ce wance tana da hannu, a sa hannu, an tsame hannu. Muna da ha'inci, muna da sauƙaƙawa, ba ma haɗa su, domin mai ha'inci ɓoye abin da ya rage yake yi don ya cuci wani, mai sauƙaƙawa kuwa ƙarfinsa ya auna ya yi abin da zai iya a fili. Matsalar ita ce wanda ke zaɓar kalmar da za a yi amfani da ita sau da yawa ba shi ne hannunsa ke cikin fulawa ba. Mutumin da ya zauna aka ajiye masa faranti shi ke da bakin cewa an zare hannu, alhali nasa hannun bai taɓa shiga ba balle a zare shi. Kalmar "na gida" da muke yabon abinci da ita tana da daɗin ji, amma sau nawa muke tambayar gidan wa, bayan wa, sa'o'in wa?

Ko lissafin gwamnati bai ga wannan hannun ba. Duk watan Fabrairu hukumar ƙididdiga ta Japan kan fitar da sakamakon binciken abin da iyalai ke kashewa, 'yan jarida kuma su zuba ido su ga birnin da ya fi sayen gyoza. Utsunomiya, inda a da rundunar soja ta 14 da aka tura Manchuriya take da sansani, ta riƙe kambun shekara 15 a jere har 2010, ta kuma kafa wa gyoza mutum-mutumi na dutse a bakin tashar jirgi. Hamamatsu, mai jera tata a da'ira da tsiron wake a tsakiya, ta ƙwace a 2011, Miyazaki kuma ta shammace su duka a 2021 da 2022. Amma a wannan lissafi gyoza na nufin wadda aka saya a kanti aka kai gida, ɗanya ko toyayya. Daskararriya a wani layi take, wadda aka ci a shago a wani. Wadda aka naɗa a gida kuwa ba ta da layi sam. Tana shiga littafin a matsayin fulawa da kabeji da nama, sa'o'i biyun da suka mai da su gyoza ba su da gurbi. Gidan da ya fi kowa naɗawa da hannu, a idon ƙididdiga, gida ne da ba ya cin gyoza.

Shi ya sa al'adar da ta zo da abincin tun daga arewacin Sin ta fi kowace muhawara hikima. Ba a ɗora wa mutum ɗaya naɗin jiaozi. Wani na murza fata, wani na zuba haɗi, wani na tattarewa, yaro na jerawa a tire, ana hira. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Hausawa, a nan kuma maganin gorin da ke biyo bayan cin ne, don wanda ya naɗa biyar suka fashe masa uku ba zai ƙara raina ta kanti ba.

Mai sha'awar gwadawa ya sayi cinyar kaza da kabeji, ya kira ta gyoza ba tare da neman afuwar kowa ba, domin sunan ya sha sauya baki da kasko kafin ya iso gare shi. Ranar da akwai lokaci a murza fata a gida, a tara 'yan gida kowa ya sa hannu, har da maigida. Ranar da babu, a rage ɗawainiya, ba laifi ba ne kuma ba ha'inci ba ne. Wanda bai naɗa ko ɗaya ba kuwa, in an ajiye masa, ya ci ya ce sannu da aiki.